Ɗakin Daddawa da Akwatin Turare

A gidan da muka fara zama a Jega akwai wani ɗan ɗaki a bayan madafi. Ba shi da taga, ƙofarsa ta langa-langa ce, kuma ko ana tsananin sanyi cikinsa da ɗumi. Ranar da aka kai ni gidan, Gwaggona, ƙanwar mahaifina wadda ta riƙe ni a Giwa Tazo tun ina ƙarama, ba ta tsaya duba gado ko jeren kwanuka ba. Ta wuce ɗan ɗakin nan, ta shiga, ta rufo ƙofa, ta jima, sannan ta fito tana murmushi.

"Ɗiyata, kin yi sa'ar gida," ta ce. "Wanga ɗaki na daddawa ne."

Ni a ranar lallen hannuna bai ko fara dusashewa ba, kuma zuciyata tana wata duniya. Na tashi da littattafan soyayya irin waɗanda ake haya a kasuwa, masu bango mai furanni, ina ɓoye su a ƙarƙashin tabarma. A cikinsu ƙamshin mace yakan riga ta shiga ɗaki, ta fita kuma ya ƙi bin ta. Mijinta yakan tsaya a bakin ƙofa ya lumshe ido. Ban taɓa cin karo da labarin da aka ce jarumar tana tsaye kan tukunyar kalwa tana share gumi da gefen zane ba.

Amma ina da hannun daddawa, wannan ba ni da yadda zan yi da shi. A wurin Gwaggo na koya. A dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, har ta yi laushi, a surfa ta a turmi da toka, a wanke ɓawon ya fita, a sake dafawa, a zuba a ƙwarya da zafinta, a lulluɓe da ganye da buhu, a rufe a ɗaki mai ɗumi har ta nuna. Wata za ta bi duk wannan, tata ta fito da tsami. Tawa takan fito da yauƙi da ƙarfi. Gwaggo ta haɗa ni da tsofaffin ƙorenta, waɗanda suka yi baƙi don daɗewa, ta ja mini kunne kada sabulu ya taɓa su, domin a jikinsu sirrin yake. Duk bazara kuma, in ɗorawa ta nuna, takan ware mini kalwa ta shekara kafin ta sayar wa kowa.

Kafin in haifi ɗana na fari, kusan duk gidajen unguwarmu a wurina suke sayen daddawa. Har suna aka sa wa gidanmu: gidan mai daddawa. Duk sa'ad da na ji wani yana yi wa baƙo kwatance da wannan suna, sai in kau da kai kamar ba gidanmu ake nufi ba.

Maigidana mutumin Aliero ne, gonarsu tana Jiga Birni, sana'arsa albasa. Yana nomawa, yana saye, yana ajiyewa a rudu, irin rumfar karan da ake adana albasa a ciki har ta yi tsada. In ya dawo gida, rigarsa da hularsa har da wayarsa albasa suke yi. Tun da ya gano littattafaina yake kira na Gimbiya. Wata rana na ce masa ya cire rigar a zaure kafin ya shigo, sai ya yi dariya.

"Daddawa gaya wa manda baƙi! Gimbiya, ni albasa, ke daddawa. Gishiri kaɗai ya rage mu zama miya."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Ban da daddawa ina da wasu ƙananan sana'o'i guda biyu. Ina saƙa hulunan jarirai da safa, na koya tun ina makaranta, kuma ina son ta saboda ana iya saƙa littafi yana buɗe a cinya. Zaren ulu da ƙoshiyar saƙa suna cikin akwatin ƙarfe na aurena, a kusurwar ɗakin kwana. Ɗayar kuwa ba ni na neme ta ba, ita ta same ni. Albasar da ta ji rauni wurin lodi ba ta zama a rudu, takan ruɓe ta ruɓar da 'yan uwanta, don haka maigida yakan kawo mini ita gida. Na fara yanka ta siri-siri ina shanyawa a kan tabarma don kada ta lalace. Da damina ta yi, albasa ta yi wuya, wata mai sayar da abinci a tasha ta gani ta saya. Ta gaya wa wata, watan ta gaya wa wata. Ban ɗauke ta sana'a ba. Hawaye kawai take sa ni.

Turare ya shigo rayuwata ne a wani biki a Maiyama. Da aka buɗe kayan amarya, sai ga kwalabe jere, turaren wuta iri-iri da humra. Aka zuba kaɗan a kasko, hayaƙin ya tashi a hankali ya bi labule, sai na ji kamar wani ya buɗe ɗaya daga cikin littattafan nan ya ce in shigo ciki. A nan take na ƙudura. Na nemi wata mata da ta iya, na yi ta zuwa gidanta har na koyi yadda ake narka sukari, a zuba itacen, a juya da man turare, a sauke a bar shi ya huce ya sha.

Ranar da na yi na farko, ya yi kyau. Na rasa inda zan shanya shi, ga kaji a tsakar gida, ga yara. Sai na tuna ɗan ɗakin bayan madafi: ba iska, ba ƙura, ƙofa tana rufuwa. A lokacin akwai ƙore cike da kalwa a lulluɓe, suna jiran nuna. Na shimfiɗa turarena a tire na ajiye a gefensu, na rufe ƙofa, na koma harkokina ina waƙa.

Da na buɗe bayan kwana biyu-uku, hancina bai gaya mini gaskiya ba, don na riga na saba da su duka. Na daka daddawar, na dunƙula, na shanya, na sayar.

Washegari da hantsi maƙwabciyata, wata dattijuwa da muke ce wa Inna, wadda ita ta fara sayen daddawata a unguwar, ta yi sallama da kwanon miya a hannu.

"Ɗiyar nan, mi kika yi ma daddawagga?"

"Lafiya, Inna?"

"Lahiya lau. Sai dai tsohona ya kai loma guda ya dube ni, ya ce ko amarya ta faɗa cikin tukunya. Sansana ki ji."

Na sansana. Miyar kuka ce, tana ƙamshin ɗakin biki. Na ruga na buɗe kwalbar turarena, na zuba kaɗan a garwashi. Hayaƙin ya tashi da kyau, amma a ƙarshensa, can ƙasa, daddawa tana zaune daram. Kowanne ya shiga gidan ɗan uwansa.

Na bi gidajen da na sayar wa na ba su haƙuri, aka yi ta dariya, aka ce ba komai. Amma a satin nan na ga wasu sun aika kasuwa. Biyu daga cikin tsofaffin ƙoren Gwaggo sun sha turaren har ba su gyaruwa. Abin da na gane a fili shi ne, ɗakin nan ba ya ɗaukar biyu. Ko na daddawa ne, ko na turare.

Ni kuwa na san wanda nake so.

Ana cikin haka Gwaggo ta kira ni a waya. Ɗorawa ta nuna, an fara kaɗa. Ta ce wata mata daga Kuberi ta matsa mata tana son kalwar duka, ta kuma yi mata tayi mai kyau. Ta ce in zo ranar kasuwa in gaya mata ko ta ware mini rabona kamar kullum. In ba na so, ta ba matar. Na san in kalwar bana ta wuce ni, sai baɗi, kuma mutanen unguwa ba za su yi shekara ba miya suna jirana ba. Na ce mata ina tafe. Ban ce mata komai kan ƙoren ba.

Ƙanwar maigidana tana karatun kasuwanci a jami'ar da ke Aliero, takan zo mana ƙarshen mako. Wasan ƙanwar miji muke yi da ita sosai. Ta iso da la'asar ta same ni zaune a gindin darbejiya, kwalbar turaren da ya lalace a gabana. Labari ya riga ni zuwa wurinta.

"Matar Yaya, an ce kin ƙirƙiro miyar da ake shafawa a jiki."

"Ke dai 'yar boko, in ba ki da abin faɗi ɗebo mini ruwa."

Ta ɗebo, ta zauna, na gaya mata zan bar daddawa in ba turare ɗakin. Ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta ja layi biyu a ƙasa, ɗaya ya ratsa ɗaya, suka ba da gida huɗu kamar za a yi dara. Ta ce in kawo mata dunƙulen daddawa, da yankin busasshiyar albasa, da guntun itacen turare, da ɗan zaren ulu.

"Tambaya biyu zan yi miki kan kowanne," ta ce. "Cikin masu sayen abin nan a inda kike, yawancinsu ke zuwa wurinki ko kaɗan? Sannan su masu sayen, ƙaruwa suke yi ko suna nan yadda suke?"

Ta ɗaga daddawa. Na ce kusan kowa wurina yake zuwa. Ƙaruwa kuwa babu, gidajen jiya ne na yau, wasu amaren ma dunƙulen kanti suka fi sani. Ta ajiye ta a gida guda ta ce a aji saniyar tatsa suke ce wa irin wannan. Ba ta ƙara girma, amma kullum tana ba da nono, kuma ba ta cin abinci da yawa.

Ta ɗaga ulu. Na ce gaskiya hulunan kanti da na gwanjo sun cika kasuwa, masu son na hannu sun ragu, kuma ko su ɗin ba ni kaɗai suke nema ba. Ta jefa shi a gidan da ke gefe.

"Wannan kare."

"Kare? Saƙar tawa?"

"Haka aka rubuta, ba ni na sa ba."

Sai ta ɗauki itacen turare. Na gyara zama. Ta riga ta ambata cewa akwai gida guda da ake ce wa tauraro, kuma ban yi shakkar wa zai shige shi ba. Na ce mata masu saye kullum ƙaruwa suke, ba bikin da ake yi ba turare, har ta waya ake talla ana aikawa gari-gari.

"Gaskiya ne. To su nawa ke saye a wurinki?"

"Ai ban fara ba tukuna."

"Masu yi kuma fa, a Jega kaɗai?"

Na fara lissafo su a zuciya, na daina. Akwai waɗanda suka gada, akwai waɗanda kwalabensu ke da takarda mai hoto.

"Wannan alamar tambaya ce," ta ce. "Kasuwa tana girma, ke ba ki da wuri a ciki tukuna. Zai iya zama wani abu, zai iya cinye ki."

Saura yankin albasa a tafin hannunta. Ta tambaye ni wa ke busar da albasa a unguwarmu ban da ni. Na ce ban san kowa ba. Masu saye fa? Na ce bara masu abincin tasha ne kaɗai, bana har wani mai shago ya aiko, kuma kullum sai ta ƙare ana nema. Ta ajiye ta a gidan sama da ladabi, kamar tana zaunar da baƙuwa.

"Ga tauraruwarki."

"Albasa?" na ce. "Abin da ke sa ni kuka?"

"A littattafanki ma ai taurarin su ke sa ki kuka."

Na kai mata duka da mafici, ta kauce. A nan maigida ya shigo da buhu a kafaɗa, ya tsaya a kanmu yana kallon zanen. Ƙanwarsa ta maimaita masa. Ya sauke buhun ya tsuguna.

"Ashe abin da ake koya muku ke nan? Mu ma haka muke yi. Gero shi ka riƙe gida, ba ya ba ka mamaki, ba ya ba ka kunya. Albasa ita ka cin taki da ruwa, amma ita ka ɗaga mutum. Ba ka barin gero don albasa, da ƙarfin gero kake noma ta." Ya taɓa dunƙulen daddawar da yatsa. "Gimbiya, man turaren da kika saya, wa ya saya miki shi?"

Mu duka mun san daddawa ce.

"To in kin kore ta daga ɗakin, wa zai sayi na gaba?"

Na ce masa shi bai gane ba. Ba zancen ciniki kaɗai ba ne. Ina so wata rana a yi kwatancen gidanmu da wani abu mai daɗin faɗi. Ya dube ni, bai yi dariya ba wannan karon.

"Ɗakinki ne," ya ce. "Abin da kika zaɓa, shi za a yi."

Ƙanwarsa ta ce ita ba ta ce a jefar da turare ba. Alamar tambaya ana ba ta kaɗan, a sa mata wa'adi, a ga abin da za ta yi. Wanda ake sallama shi ne karen, don yana cin wuri da lokaci. Na ce saƙata ba ta cin wurin kowa, tana cikin akwatinta. Aka kira magariba, muka tashi, kaji suka bi ta kan zanen, ɗaya ta tsince tauraruwar ta gudu da ita.

Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Maiyama, daga can na hau babur zuwa Giwa Tazo. Har muka bar kwalta ban san abin da zan ce wa Gwaggo ba. Hanyar tana ratsa gonaki, itatuwan ɗorawa tsaye jefi-jefi, mata a ƙarƙashinsu da dogayen gora suna kaɗa. Ina kallonsu ina ta juya maganar da na faɗa da bakina: tana cikin akwatinta. Akwatin ƙarfe ne, murfinsa yana kamawa gam, yana ɗakin kwana, nesa da madafi. Iska ba ta shiga, ba ta fita. Turaren da nake iya yi a lokacin bai fi cikin akwatin nan ba. Ni ce nake nema masa ɗaki guda, shi bai kai ba tukuna.

Na tarar da Gwaggo tana sheƙe kalwa a faifai. Bayan gaisuwa na gaya mata abin da ya faru da ƙorenta, ban rage komai ba. Ta dakata da faifan.

"Guda nawa?"

"Biyu, Gwaggo."

"Har da mai ɗinki a baki?"

"Har da ita."

Ƙwaryar uwarta ce, na sani. Can ta ci gaba da sheƙa.

"To mi kika zo hwaɗa min? In ba matar Kuberi?"

"A'a. Ki ware mini rabona."

Ba ta yaba mini ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da sababbin ƙore biyu, farare tas, ta ce sai sun sha daddawa sau da yawa kafin su iya aiki, in riƙa sa su a tsakiyar tsofaffin. Ta ce in kankare bangon ɗakin in sake yaɓe, in turara shi da ɓawon ɗorawa.

Da na dawo na buɗe akwatin. Ban zaci zai yi mini ciwo ba, amma ya yi. Ga zare ja, ga shuɗi, ga wata hula da na fara ban gama ba. Na zauna na ƙarasa ta, na aika wa jikar Inna da aka haifa a makon. Sauran zaren da ƙoshiyar na ba wata amarya a layinmu da take son koyo. A can ƙasan akwatin na sami littattafaina na da, bangonsu ya yi laushi. Su ban fitar da su ba. Na jera kwalabe a kansu.

Na ba turare wa'adi zuwa bayan kaka, lokacin bukukuwa. Duk abin da zan sa masa daga ribar daddawa yake fitowa, kuma ba na wuce abin da na yanke. Mafi yawan ribar kuwa albasa ce ta ci. Maigida ya kafa mini rumfa mai raga a tsakar gida don kaji da ƙuda, na sayi wuƙaƙe masu kyau, na koyi yanka a inda iska ke kaɗawa don hawayen su ragu.

Da kaka ta wuce na sake jan layin nan biyu a ƙasa ni kaɗai. Turarena ya sami 'yan masoya, amare kaɗan cikin dangi da wata malamar makaranta da ba ta sayen na kowa sai nawa. Bai wuce nan ba. Masu kwalabe da hoto suna nan inda suke. Ban ƙara masa ba, ban kuma kore shi ba, don akwatin ba ya cin wurin kowa yanzu. Yakan fi ƙarewa ne a kaskon ɗakina. Wani lokaci maigida yakan tsaya a bakin ƙofa, rigarsa tana albasa, ya lumshe ido da gangan don ya ba ni dariya. In na zaro ɗaya daga littattafan nan kuwa, kowane shafi ƙamshi yake, kamar da can haka aka buga shi.

Inna ta dawo da sayen daddawa tun a karon farko bayan yaɓe. Ta karɓa, ta kai hanci, ta ce in gaya wa amaryar nan ta kyauta da ta fita daga tukunya. Sauran gidajen suka biyo ta a hankali. Wasu biyu-uku ba su dawo ba har yau.

Da Gwaggo ta zo ganin gida bayan damina, ta amsa gaisuwa a tsaye, ta wuce bayan madafi, ta shiga ɗan ɗakin ta rufo ƙofa. Na tsaya a waje da ruwan da na ɗebo mata. Ta jima, sannan ta fito tana gyara ɗankwali.

"Akwai sauransa kaɗan ga bango," ta ce. "Amma daddawa ta hi ƙarhinai. Miƙo ruwan."